Ƙudirin Honarabul Magadaliya

Jama'a, ku gyara zama, domin abin da zan faɗa muku yau ko Salma ƙanwata da muke ɗaki ɗaya ba ta san rabinsa ba.

Sunana Fiddausi. A unguwar Gangare ta garin Jos aka haife ni, cikin lungun da idan kika miƙa hannu ta tagarmu za ki taɓa bangon maƙwabta. Babanmu tela ne, shagonsa na jikin gidanmu, ƙarar kekensa ce ke tashinmu da safe. Ni kuma tun da na gama difloma nake zama a shagon Yaya Ashraf da ke Kwararafa, ina buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta.

A shekarar 2005, da za a tsayar da ni a bakin titi a tambaye ni ayyukan 'yar majalisarmu ta tarayya, Honarabul Magadaliya Livinus, da na zayyano su ba tuntuɓe. Na san tana kwamitin ma'adanai da na harkokin mata. Na san ranar da ta miƙe a zauren majalisa kan motocin tumatir da ke kwana a hanya kafin su iso kasuwar Farin Gada, kaya na ruɓewa. Na san lokacin da ta yi wa wani minista tambayar da ta sa shi shan ruwa sau biyu. Na san ƙudirinta na farko ya mutu a kwamiti, na biyu yana numfashi. Har launin ɗaurin kanta na kowane zama na sani.

Kada ku ɗauka siyasa nake so. Wallahi kishi ne ya mai da ni masaniya.

Yaya Lukuman yayan ƙawata Safara'u ne. Shekara uku muna tare, tun yana zuwa zance a kan tsohon babur ɗin kawunsa, da rigar sanyi mai hujin gwiwar hannu. Ya karanta shari'a, kuma da Honarabul ta ci zaɓe sai ta ɗauke shi mataimaki, shi ke rubuta mata jawabai da ƙudirori a Abuja. Ranar da ya samu aikin har rawa na yi a tsakar gida. Da na san abin da ke tafe da na zauna.

Tun daga lokacin bakinsa ya koma na Madam. Madam ta ce, Madam ta yi, Madam ba ta cin abinci sai ta gama karatu. Idan na yi masa filashin, sai saƙo ya shigo 'yar Nokiyata:

"Muna kwamiti da Madam. Zan kira ki, Fiddo."

Idan ya kira, muna cikin hira sai na ji wata murya can nesa ta ce, "Luku!" Shi kuma jiki na rawa ya ce, "Ina zuwa, Madam." Ƙit. Luku fa, jama'a! Ni da zan aure shi ban taɓa gutsure masa suna ba.

Mijinta ya rasu, ba ta kai arba'in ba, doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da wushirya. Na san addininmu ba ɗaya ba ne, na san ta girme shi, na faɗa wa kaina wannan ya fi a ƙirga. Amma duk ranar da aka nuno zaman majalisa a talabijin, sai na bar aikin mutane na tsaya gaban akwatin Yaya Ashraf ina neman ta a cikin kujerun nan kore. Jaridun da ɗalibai ke mantawa a shago kuwa, shafin majalisa nake fara buɗewa.

"Ke kam takara za ki tsaya?" in ji Yaya Ashraf.

"Ina ruwanka."

"Ruwana shi ne kin buga wa yaron nan sunan Magadaliya a tsakiyar aikinsa na kimiyya."

A gida kuma wata wutar ce. Salma ta samu miji, ɗan gidan wani dillalin dankali, iyayensa sun zo gaisuwa har sau biyu. Baba ya ce ba zai aurar da ƙarama babba na zaune ba. Ba wanda ya tilasta min kowa, amma kallon da Salma ke min idan tana ninke kayan lefen da ba ta san ranar sa su ba, ya fi zagi ciwo.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali Umma ta leƙo.

"Babanku ya ce ki gaya wa yaron nan, kafin azumi ya turo magabatansa. Idan kuma majalisar ce ta aure shi, mu sani."

Na gaya masa. Ya ce, "In sha Allahu, Fiddo. Bari dai ƙudirin nan ya tsallake karatu na biyu."

Ƙudirin nan shi ne na tafkunan kuza. Duk ɗan Jos ya san su: ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su, suna nan lumui kamar ba abin da suke yi, ƙasansu kuwa ba a san iyakarsa ba. Honarabul na son a yi doka gwamnatin tarayya ta cike masu haɗari, ta katange sauran. Na san Yaya Lukuman ya rame a kan aikin nan. Na ɗauka don ya burge ta ne.

Ana gobe za a yi karatu na biyu ya turo min saƙo:

"Don Allah gobe ki je wurin Inna ku kalli zaman tare. Ki fassara mata abin da Madam za ta ce. Ke nake so ki yi."

Na karanta na yi tsaki. Wato ni ce ma zan zama bakin Madam a gaban surukata. Amma Inna ce, ba zan ƙi ba. Na sa atamfata mai ruwan goro, wadda Baba ya yi wa ɗinkin riga da siket, na yafa babban mayafi ruwan madara, na ɗan goga turare a wuyan hannu. Ruwa aka yi da safe, duk hanyar Kwararafa taɓo, na isa ina ɗage siket.

Na tarar Safara'u ta aro ƙaramin janareta a maƙwabta ko da za a ɗauke wuta. Inna na zaune kan darduma gaban talabijin, da carbi a hannu, ta sa farin hijabinta na zuwa masallacin Idi. Na durƙusa na gaishe ta kaina a ƙasa.

"Taso nan kusa da ni, 'yata. Yau ke ce kunnena."

Na ja Safara'u gefe. "Ke ba kya jin Turancin ne?"

Ta kau da kai. "Ni ba zan iya ba, Fiddausi."

Na ɗauka iyayi ne irin nata.

Aka daɗe ana wasu batutuwan, Inna na tambayata wane ne wancan mai jar hula, me ya sa wancan ke barci. Can mai jagorantar zaman ya kira sunanta. Ta miƙe. Shuɗin leshi ta sa, da ɗauri fari, ba sarƙa ba awarwaro. Zuciyata ta ce, ko ba kwalliya ma ta yi kyau, na ce wa zuciyar ta yi min shiru.

Na fara fassara, muryata a daƙile.

"Ta ce, Inna, ƙasar nan ta ci arzikin kuzar Filato shekaru masu yawa. Ta ce an kwashe kuzar an bar mana ramuka. Ta ce shanu na faɗawa, gonaki na zaftarewa, kuma duk damina sai an ciro gawar yaro."

Inna ta gyaɗa kai, carbinta na tafiya.

Honarabul ta ajiye takardar hannunta. Ta cire tabarau. Muryarta ta sauka, zauren ya yi tsit.

"Ta ce za ta ba su labarin yaro ɗaya. Ta ce ɗan shekara bakwai ne. Wata ranar Laraba bayan an taso daga makarantar allo, ya bi yara zuwa wani tafki a bayan gari, wankin allo da wasa. Ta ce takalminsa ne ya faɗa ruwa, sabon takalmin Sallah, ya miƙa hannu zai ɗauko..."

Na ji carbin ya tsaya.

"Ta ce yayansa na tsaye a bakin ruwan, ɗan shekara goma. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, babu babba a kusa. Ta ce sai washegari aka same shi. Sunan yaron..."

Ban kai ga faɗa ba, domin sunan ba ya buƙatar fassara. Ya fito daga bakin Honarabul, ya fito daga bakin Inna a lokaci guda.

"Badruddeen."

Na juya. Hawaye na bin fuskar Inna, ba ta share ba. Safara'u ta tura fuskarta cikin labule kafaɗunta na rawa.

"Ɗana ne," Inna ta ce a hankali. "Ƙanin Lukuman. Ci gaba, 'yata, kada ki tsaya. Ya nemi izinina kafin a faɗa."

Jama'a, shekara uku. Shekara uku ina shiga gidan nan, na san inda suke ajiye gishiri, ban taɓa jin an ambaci wani Badruddeen ba. Kowa a ɗakin ya sani. Wata mata a Abuja ta sani, yanzu ma duk Nijeriya ta sani. Ni ce ta ƙarshe, kuma da bakina na ba wa kaina labarin.

Honarabul ta ci gaba. Ta ce yayan yaron ya girma, shi ya rubuta ƙudirin da ke gabansu. Ta ce ranar da ya ba ta labarin, a gabanta ya durƙushe yana kuka kamar ɗan shekara goman nan, har sai da ta riƙe shi.

"Me ta ce?" Inna ta tambaya.

Na ce, "Ta ce Yaya Lukuman ne ya rubuta dokar."

Sauran ban fassara ba. Bakina ya ƙi.

Wani ɗan majalisa mai babbar riga ya miƙe ya ce yana tausayawa, amma cike ramuka aikin jiha ne, ba na tarayya ba. Honarabul ta nemi a ba ta dama, ta dube shi ta ce lokacin da ake kwasar kuzar, ta tarayya ce, ba wanda ya ce ta jiha ce. Yanzu da ramuka kaɗai suka rage ne suka zama namu? Zauren ya kaure da tafi da bubbuga tebur. Na fassara wa Inna wannan, kuma Allah ya sani har cikin raina na ji matar ta burge ni, abin da ya ƙara min haushi ke nan.

Aka yi tambaya, masu goyon baya suka amsa da ƙarfi, aka buga guduma. Ƙudiri ya wuce zuwa kwamiti. Inna ta ɗaga hannu sama tana addu'a, ta sa wa Lukuman albarka, ta sa wa Honarabul albarka, ta ce, "Matar nan Allah ya biya ta. Ta riƙe min ɗa kamar nata."

Na ce amin. Ƙarya ba kyau, amin ɗin ba ta kai ƙirjina ba.

A hanyar gida wayata ta yi ta ruri cikin jaka. Shi ne. Ban ɗauka ba. Saƙo ya shigo: "Kin gani, Fiddo? Mun wuce!" Mun. Shi da wa?

Na san abin da wasunku za su ce: yaro ya mutu, uwa na kuka, ke kuma kishi ne a gabanki? Na faɗa wa kaina fiye da haka. Na yi wa Badruddeen addu'a a kowace salla, na yi kuka don yaron da ban taɓa gani ba. Amma da na shafa addu'ar sai hoton nan ya dawo: Yaya Lukuman a durƙushe, hannun wata a kafaɗarsa. Da ma ce min aka yi an gan su a gidan cin abinci suna dariya, da ya fi min sauƙi. Dariya ai da kowa ana yi.

Ranar Asabar bayan la'asar ya zo. Salma ta shigo tana murmushi, "Mutumin majalisa na zaure." Na ɓata lokaci da gangan. Ban yi kwalliya ba, doguwar riga baƙa na zura, na ja kwalli kawai don kada ya ga idona ya kumbura.

Yana zaune a kan benci, cikin farar shadda da hula zanna, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya kawo min leda cike da tuffa da inibi. Ban kalli ledar ba.

"Fiddo, me na yi? Inna ta ce kin yi mata fassara tiryan-tiryan, tana ta sa miki albarka."

"Allah ya jiƙan Badruddeen."

Ya sunkuyar da kai. "Amin."

"Me ya sa ita?"

"Ita wa?"

"Yaya Lukuman, kada ka mai da ni yarinya. Shekara uku kana zama a kan bencin nan. Ka ba ni labarin malamin da ya kore ka daga aji, ka ba ni labarin ranar da babur ya watsar da kai a Farin Gada. Wannan ne ba ka ga na isa na ji ba?"

"Ba zaɓar ta na yi ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mun je duba wani tafki ne can wajen Bukuru da 'yan kwamiti. Na ga silifas ɗin yaro a bakin ruwa, ƙafa ɗaya. Ban san lokacin da ƙafafuna suka saki ba. Ita ce a kusa, shi ke nan."

"Bayan nan fa? Wata nawa? Ka nemi izinin Inna, ka rubuta shi a jawabi, ka gyara waƙafi da aya. Duk ba ka samu bakin gaya min ba?"

"Shi ya sa na ce ke za ki fassara. Na kasa faɗa miki da bakina, na ce bari ki ji ta haka."

"Ta bakinta."

Keken Baba na ta ƙara ta bayan bango. Ruwa ya fara sauka a kan kwano.

"Fiddo, tun ina ɗan shekara goma duk inda na shiga tafkin nan na biye da ni. A gida yana idon Inna. A ofis yana kan teburina. Nan zauren ne kaɗai ba ya shigowa. In na zo wurinki hutawa nake yi. Ban so na kawo miki shi ba."

Wata za ta ji wannan ta narke. Ni ji na yi kamar an mare ni.

"Wato ni wurin hira ce, ita wurin gaskiya."

"Subhanallahi, ba haka nake nufi ba."

"Ni wurin shan iska, in ka huta ka koma inda ake sanin ka." Na miƙe. "Baba ya ce kafin azumi. Amma ka sani, ba zan auri mutumin da sai na kunna talabijin nake sanin abin da ke cikin zuciyarsa ba."

Na shige gida na bar shi da ledarsa. Ta taga na hango shi yana fita cikin ruwan, bai ko rufe kansa ba.

Kwanaki suka wuce ba kira ba saƙo. Na riƙa duba wayar har Yaya Ashraf ya ce zan cinye mata batir da ido. Umma ta lura, sai ta riƙa ajiye min kunun gyaɗa a gefen katifa.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanki a tsakar gida, da tsohon zane da rigar barci, kaina ba ɗankwali, sai na ji lungu ya ɗauki hayaniya. Salma ta faɗo da gudu.

"Yaya Fiddausi! Honarabul! Wallahi ita ce, a ƙafa!"

Motarta ba ta iya shiga lungunmu ba, a bakin titi ta bar ta da ɗan sandanta. Ku da kuka san Jos kun san tun bayan rikicin da ya raba garin nan ba kowa ke ratsa unguwar da ba tasa ba. Ita kuwa ga ta, ita kaɗai, ta yafa gyale a kan ɗaurinta, takalminta duk taɓo. Ta tsaya shagon Baba ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta yi sallama.

Umma ta rikice, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aika a sayo lemo. Ni kuwa na faɗa ɗaki na zura hijabi a kan rigar barcin, hannuna na ƙamshin omo. Duk shirin da na yi a raina na ranar da zan haɗu da matar nan, da leshin da zan sa, ga yadda ta same ni.

"Mama, ina so in yi magana da yarinyan ki, mu biyu," ta ce wa Umma, da irin Hausarsu ta 'yan ƙabilun Filato.

Muka zauna a ɗakinmu, ita a bakin gado, ni a ƙasa. A kusa ta fi kyau, amma akwai furfura a gefen kunnenta, kuma idonta na wanda ba ya samun barci ne.

"Ke ne Fiddausi. Hoton ki yana kan teburin shi, kullum ina gaishe ki da safe."

"Ranki ya daɗe."

"Luku ya zo ofis ya ce zai bar aiki. Ya ce zai dawo Jos ya nemi wani abu, ya yi aure. Na tambaye shi dalili, ya ƙi faɗi. Amma ni mace ne, na sani."

Zai bar ta. Saboda ni. Wani daɗi mara kunya ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa.

"Ba zan ɓoye miki ba," ta ci gaba. "Ƙudiri na farko da na kai, a kwamiti aka kashe shi, don ba ni da mutum da zai bi shi ofis ofis. Wannan ma akwai masu jira ya mutu. Za mu yi zaman jin ra'ayin jama'a a nan Jos, iyayen yara za su zo su yi magana, Kirista da Musulmi. Luku ne ya san su gida gida, shi suka yarda da shi. Idan ya tafi yanzu, ni zan ci gaba, amma ban san ko zan kai ba."

"To ni me zan yi, ranki ya daɗe? Ba matarsa ba ce ni."

Ta yi murmushi, wushiryar ta fito. "Ke ne kika sa ya ajiye, ke ne za ki sa ya ɗauka. Ni ina da yara uku da mazaɓa, ba na neman mijin kowa. Abin da ya faru a bakin tafki, ko direba ne a wurin, shi zai riƙe shi. Ki gaya mini: in sake shi, ko in riƙe shi?"

Na dubi tabarma. Kalma ɗaya, ya dawo Jos, ya zama nawa ni kaɗai, Salma ta yi aurenta, Baba ya huta. Sai fuskar Inna ta faɗo min, da farin hijabinta, tana cewa ci gaba, 'yata, kada ki tsaya. Na san idan ƙudirin nan ya mutu ta dalilina, duk damina da aka ciro yaro daga ruwa sai Yaya Lukuman ya dube ni, ko bai ce komai ba.

"Ki riƙe shi," na ce. "Har dokar ta fito. Amma ranki ya daɗe, ina da sharaɗi."

"Ina ji."

"Duk ranar da ya sake yin kuka, kada ki riƙe shi. Ki turo min shi."

Ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta kamo hannuna mai ƙamshin omo ta damƙe. "Na yarda. Kai, Luku ya iya zaɓe."

Na raka ta har bakin lungu, yara na biye da mu, mata na leƙe ta katanga. Na ji kaina ya yi girma, na ji kamar na ci nasara a kan wani abu. Ɗan sanda ya buɗe mata ƙofa. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ta juyo.

"Yawwa, ki ce masa ya kawo fasfo nashi ranar Litinin, kada ya makara."

"Fasfo?"

"Na tafiya. Kwamiti zai je Afirka ta Kudu, mu ga yadda suka gyara ramukan ma'adanai nasu. Ni da shi da mutum biyu. Za mu dawo cikin azumi." Ta dube ni, murmushinta ya ɗan ja baya. "Tun watan jiya aka sa sunan shi. Bai gaya miki ba?"

Na ji bakina ya ce, "Ya gaya min."

Motar ta tashi ta bar min hayaƙi. Na juya cikin lungu. Da na zo daidai shago, Baba ya tsayar da kekensa, ya dube ni ta saman tabarau, fuskarsa cike da fara'a.

"Babbar baƙuwa! To, Fiddausi, ta zo da ranar da magabatan yaron za su zo ne?"

Kafin na buɗe baki wayar ta fara ruri cikin hijabina. Sunansa ne a kan gilashin. Na ce wa Baba ina zuwa, na shige zaure, na danna.

"Fiddo," ya ce da sauri, "Madam ta kira ni yanzu. Na gode, wallahi na gode, ban san..."

"Yaya Lukuman," na katse shi. "Akwai wani abin da kake so ka gaya min? Ka yi tunani sosai kafin ka amsa."

Ina jin numfashinsa, ina jin Baba ya fasa tayar da keken yana jira na fito da amsa.

"Babu komai, Fiddo," ya ce. "Me kika ji?"